Goɗiyar Baban Khalifa: takarda ake saye ko jini?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Jiya da yamma wani dillali ya kai ni wata barga a bayan gari, ya nuna mini goɗiya 'yar Ingila, irin dogayen nan na tsere. Ja ce, da ɗan fari a goshi, shekararta 11. Ya ce daga Afirka ta Kudu aka shigo da ita, ta yi tsere a can, nan kuma an buga folo da ita kafin ƙafar baya ta fara damunta. Hawa kam ta gama, sai haihuwa. Abin da ya tsaya mini a rai, cewa ya yi jinin Galileo ce, shahararren ingarman tseren nan na Turai. Kuɗin da ya yanka kuwa daidai yake da abin da na tara don in sayi ingarma ɗan Sudan kafin babbar sallah. Kun san dawakina biyu, kilin nan da akawal, duk na hawa ne, ban taɓa kiwon goɗiya ba. Maman Khalifa ta ce in na kawo mata gurguwar goɗiya gida da wannan kuɗi, to in koma barga da kwana. Me kuka gani?

Auwalu Joki: Wa alaikumus salam. Yaya, tsohuwar goɗiya mai ciwon ƙafa? Sayi ɗan Sudan ɗinka ka huta. Ka hau abinka ranar Hawan Daushe, in an buɗe filin sukuwa ka ba ni shi in ɗauko maka kofi. Takarda ba ta gudu.

Sadiq Bompai: Duk dillalin da ya hango aljihu da nauyi sai ya ce jinin Galileo. Saura kaɗan mu ji jakunan masu yashi ma jikokinsa ne.

Baban Khalifa: Wane nauyi Sadiq, adashin wata goma sha huɗu ne.

Injiniya Nura: Baban Khalifa, ya ba ka takardar? Ɗauko hotonta ka turo. Kuma kar ka yanke gefen ƙasa, nan nake son gani.

Baban Khalifa: Ga ta nan. Kwafi ce ya ba ni, ya ce ta ainihin tana hannun mai goɗiyar. Ga sunan Galileo can a sama, har ya ja masa layi da jan biro.

Injiniya Nura: Na gani. To ba ƙarya ya yi ba in dai takardar tata ce, amma ba 'yarsa ba ce, jikarsa ce ta wajen uba. Galileo ya haifi ubanta. Kuma jininsa ya isa Afirka ta Kudu da gaske, ai Igugu da ta ci babban tseren Durban na watan Yuli a 2011 'yarsa ce. Sai dai ka gane wani abu. Ingarma irin wannan yakan baye goɗiya sama da ɗari a shekara guda, kuma Galileo ya yi kusan shekara ashirin yana wannan aiki kafin ya mutu a 2021. 'Ya'yansa maza da yawa su ma an mayar da su na baye. Ka lissafa jikoki nawa ke nan a duniya. Sunansa a takarda ba abin mamaki ba ne, kamar mutum ya ce maka shi ɗan Kano ne. To ɗan wace unguwa, ɗan gidan wa? Layin da ke ƙasan takardar shi ne gidan: uwarta, kakarta, uwar kakarta. Shi ne dillalinka bai ja wa layi ba.

Auwalu Joki: Injiniya ya fara karatu, kowa ya gyara zama.

Injiniya Nura: Ai kuwa sai ka gyara, Auwalu, don shi kansa Galileo da ake tallar goɗiyar da sunansa, uwarsa ce labarin. Urban Sea sunanta, an haife ta a Amurka a 1989. Ubanta Miswaki, uwarta Allegretta daga wani tsohon gidan dawaki na Jamus. Wani attajirin Hong Kong, David Tsui, shi ne mai ita, aka horar da ita a Faransa. A 1993 ta shiga Prix de l'Arc de Triomphe a Paris, tseren mita 2400 da duk Turai ke jira a farkon Oktoba, ba wanda ya sa ta a lissafi, ta zo ta doke mazan ta ci. Da a nan ta tsaya ma ta yi suna. Sai aka kai ta Ayalan ta zauna haihuwa.

A 1998 ta haifi Galileo, ubansa Sadler's Wells. Galileo ya ci Derby na Epsom a 2001, daga baya ya zama gwarzon uba na Ingila da Ayalan har sau 12. Frankel da ya yi tsere 14 bai taɓa faɗuwa ba ɗansa ne. Za ka ce to ai Sadler's Wells ne ya yi aikin, shi ma gagarumin uba ne. Sai aka canza mata miji. A 2006 ta haifi Sea The Stars, ubansa Cape Cross, wanda ko kusa bai kai Sadler's Wells suna ba a lokacin. Wannan ɗan a 2009 ya ci manyan tsere shida cikin wata shida, har da Derby da shi Arc ɗin da uwarsa ta ci. An kuma kai ta wurin Giant's Causeway ta haifi My Typhoon, mace, ta je Amurka ta ci tseren ajin farko. Ga Black Sam Bellamy, shi ma ya ci ajin farko. Uba daban daban, ciki ɗaya, kuma duk suka fito da gudu. Ka faɗa mini wa ke zuba abin.

Abin tausayin, ba ta ga nasarar Sea The Stars ba. Ta mutu a watan Maris na 2009 wajen haihuwar autanta, Born To Sea, wata biyu kafin ya ci na farko a cikin shidan.

Hajiya Ummi: Allah sarki. Ashe har a dawaki uwa ce ke shan wahala a kira sunan uba.

Sadiq Bompai: Injiniya, ka ɗauko wadda ta fi kowa a duniya ka kafa hujja da ita. Bari ni ma in ɗauko tawa. Zenyatta a Amurka, tsere 20 ta yi ta ci 19, na ƙarshen ne kawai aka tsere mata da ƙyar a 2010. Aka kai ta wurin manyan ingarmu, duniya ta zuba ido. 'Ya'yanta maza biyu na farko da suka fita fili, ko ɗaya bai ci tsere ba. Sannan akwai The Green Monkey, dala miliyan 16 aka saye shi a 2006, asali ba a magana, sau uku ya fita bai ci komai ba. In masu dala sun yi asara a kan asali, Baban Khalifa da adashinsa fa?

Auwalu Joki: Yauwa Sadiq. Albasa ba ta yi halin ruwa ba ke nan.

Injiniya Nura: Ai ka taimake ni ne ba ka sani ba. Ban ce goɗiyar da ta fi gudu ita ta fi haihuwa ba. Cewa na yi a duba gidan da ta fito da abin da matan gidan suka saba haifarwa. La Troienne da aka haifa a Faransa a 1926 ba ta taɓa cin tsere ba, mai ita ya sayar da ita, aka kai ta Amurka, yau ana lissafa ta cikin uwayen da suka fi kowa zuri'a a can. Uwar Secretariat, Somethingroyal, sau ɗaya tak ta fita fili kuma ba ta yi komai ba, ɗanta ya ci manyan tseren Amurka uku a jere a 1973. Shi kansa Secretariat ɗin, 'ya'yansa maza ba su gaje shi a haihuwa ba, ta wajen 'ya'ya mata jininsa ya rayu: ɗaya ta haifi Storm Cat, ɗaya ta haifi A.P. Indy, duka biyun manyan ubanni. Ga Hasili ta gidan Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, ita ma ba wata shahararriya ba ce a fili, amma 'ya'yanta biyar suka ci tseren ajin farko, ban da Dansili da ya zama babban uba. Gudu daban, haihuwa daban.

Sadiq Bompai: To in haka ne ai sa'a ce kawai. Mai gudu ta haifi rago, raguwa ta haifi zakara. Ina amfanin takardar?

Injiniya Nura: Amfaninta rage duhu. Manomi ma in ya zaɓi iri mai kyau ba shi ya ba shi tabbacin damina ba, amma ba za ka ce ya je ya shuka duk abin da ya tsinta a ƙasan rumbu ba. Masu abin ba wawaye ba ne: a 2008 an sayi Better Than Honour dala miliyan 14, goɗiya mai shekara 12, saboda 'ya'yanta biyu sun ci tseren Belmont a jere, 2006 da 2007. Ba takardar ubanta aka saya ba, abin da cikinta ya riga ya nuna aka saya.

Malam Habibu: Salamu alaikum, na shigo a tsakiya. Wannan magana ta uwa ai ba Turawa suka fara ta ba. Larabawan sahara da uwa suke danganta doki. In sun ce Kuhailan ko Saƙlawi ko Hamdani, gidan goɗiyar suke nufi, ɗa yana ɗaukar sunan gidan uwarsa ko wane ne ubansa. Goɗiya suke hawa zuwa hari ma, don ba ta yawan haniniya ta tona asiri, kuma da wuya Balarabe ya sayar da ita. Tsere kuwa yana da asali, ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren horarrun dawaki daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i. Abin da zan ja kunne a kai shi ne cacar da Turawa suka lulluɓe harkar da ita. Mu ɗauki ilimin kiwon, mu bar musu wancan.

Injiniya Nura: Allah ya gafarta Malam, haka yake. Kuma shi dokin Ingilan da ake kira Thoroughbred ai daga gabas ubanninsa suka fito. Ingarmu uku ne tushen kowa ta wajen uba: Byerley Turk, da Darley Arabian da aka sayo a Halab ta Siriya a 1704, da Godolphin Arabian. Kowa ya haddace waɗannan ukun. Amma littafin asalin da James Weatherby ya fara fitarwa a 1791, wanda har yau ake ci gaba da shi, da sunayen goɗiyoyi aka jera shi, kowace da 'ya'yanta a ƙarƙashinta shekara bayan shekara. Haka in ka buɗe littafin gwanjon dawaki na Tattersalls, uba layi kaɗan ake ba shi, sauran shafin duk uwa ce da kaka da uwar kaka, an rubuta sunan duk wanda ya ci babban tsere a gidan da baƙin rubutu mai kauri. Mai saye yana buɗe shafi, yawan baƙin yake fara dubawa.

Baban Khalifa: To ni yanzu kaina ya ƙara ɗaurewa. In saya ko in bari?

Dakta Hadiza: Ku yi haƙuri, ina wurin aiki sai yanzu na zauna. Baban Khalifa, kafin a kai ga Galileo akwai tambayoyi biyu da ba wanda ya yi. Na farko, goɗiyar da ka gani ita ce ta cikin takardar? Kwafi ba shaida ba ce. Irin waɗannan dawaki suna da fasfo mai zanen jikinsu, an nuna duk inda fari yake da inda gashi ya murɗe, sannan akwai 'yar ƙwayar lamba kamar ƙwayar shinkafa da ake sa musu a cikin wuya ta hagu. Ina da na'urar karanta ta. In lambar wuya ba ta dace da ta fasfo ba, magana ta ƙare. Na biyu, ta taɓa haihuwa? Goɗiyar da ta kai 11 ba ta taɓa ɗaukar ciki ba ta fi wuyar kamawa a kan wadda ta saba. Sai an yi mata sikanin an ga mahaifa da ƙwai. Ciwon ƙafar ma sai na gani, don in na baya ne mai tsanani, ɗaukar nauyin ciki wata 11 ba wasa ba ne, kuma sai an san rauni ta ji ko kuwa haka ƙirar ƙafar take, don ƙira ana gadonta.

Auwalu Joki: Dakta, ke ki raba mu. Uwa ko uba?

Dakta Hadiza: A ƙwayoyin gado rabi da rabi ne, Auwalu, ba wanda ya fi. Amma uwa tana da ƙari. Akwai mitokondiriya, wasu ƙananan injina a cikin ƙwayoyin jiki da ke mayar da abinci ƙarfi, waɗannan daga uwa kaɗai ake samunsu. Sannan ciki. Tun 1938 wasu masana a Ingila, Walton da Hammond, suka haɗa ƙaton dokin Shire da ɗan kurun Shetland ta fuska biyu. In uwar ce ƙatuwa ɗan ya fito babba, in uwar ce ƙarama ya fito ƙarami, alhali jinin iri ɗaya ne. Ga nono, ga hali, don duƙushi wata biyar zuwa shida yana bin uwarsa yana kwaikwayo. Goɗiya mai firgita da wuya ta ba ka ɗa mai natsuwa. Wani abin da zai yi wa Injiniya daɗi: masu bincike a Dublin, ƙarƙashin Emmeline Hill, sun gano ƙwayar gadon da ke bambanta mai gudun gajeren zango da mai dogon numfashi, da aka bi sawun nau'in saurin kuma sai aka tarar ya shigo ne ta wata goɗiya guda ta ƙasar Birtaniya kimanin shekara 300 da suka wuce, ba ta ingarmun Larabawan nan uku ba.

Amma ni abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Dokin Ingila a Kano ɗan lele ne. Fatarsa siririya, kofatonsa ba ƙwari, zafin Afrilu yana dafa shi. Kaska na sa masa zazzaɓi mai cinye jini, ga cutar dawaki ta Afirka da ƙananan ƙwarin magariba ke yaɗawa da damina, wadda namu na gida suka fi jurewa amma baƙo takan kwantar da shi cikin kwanaki. Harawa da dusa da 'yar kanwa da kake ba kilinka ba za su riƙe goɗiya mai ciki irin wannan ba. Kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗin.

Sadiq Bompai: Ƙara da wannan: wa zai baye ta? In ka haɗa ta da ɗan Arewa ko ɗan Sudan, ɗan ruwa biyu ne, ba shi shiga littafinsu. Kuma ba a yarda da allurar maniyyi a wannan jinsi ba, dole ingarman ya hau da kansa, balle ka ce za ka yi odar na Frankel a kwalba.

Auwalu Joki: Ruwa biyun ai shi muke so a nan. Tsawon ƙafar uwa, juriyar uba. Na hau irinsu, in suka miƙe a mita 1600 sai dai ka ji iska.

Injiniya Nura: Au, Auwalu, yanzu kuma ka yarda uwa na ba da tsawon ƙafa? Ɗazu takarda ba ta gudu.

Auwalu Joki: Ƙafa na ce, ban ce takarda ba.

Kawu Sale: Jikansa ne ke rubutawa, Kawu ke faɗa. Ya ce a gaida kowa. Ya ce shekara hamsin da wani abu yana barga, tun yana yaron muri yana kwashe kashin doki, bai taɓa riƙe takardar doki ba, amma duk abin da Injiniya ya faɗa ya san shi. Ya ce da can in dillali ya kawo doki, dattawa ba launi suke fara tambaya ba, cewa suke wace goɗiya ta haife shi, a gidan wa take, 'yan'uwansa ina suka shiga. Akwai gidaje a ƙauyukan gabas, wajen Gumel da Maigatari har cikin Nijar, da aka san goɗiyarsu kaka da kakanni, in ta haifi namiji tun bai bar nono ba an riga an kama. Ya ce abin da ya ɓata mu a birni shi ne ba ma hawan mace. Namiji muke so mai haniniya da tsalle a gaban Sarki, goɗiya kuwa an bar ta a ƙauye tana cin kara, ba mai tuna ta. Yanzu yaro zai sayi doki da kuɗi masu yawa, ka tambaye shi uwarsa ya ce daga Chadi aka kawo shi, shi ke nan asalin. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai ka san barewar.

Ya ce kuma a gaya wa Baban Khalifa, in zai duba goɗiyar haihuwa ya tsaya ta bayanta ya ga faɗin ƙugu, ya duba zurfin ciki da faɗin ƙirji, ya sa a ja ta a kan ƙasa mai tauri ya saurari saukar kofato huɗun. Ya shafa hantsarta ya ga ko za ta yi harbi. Wadda ba ta yarda a taɓa nan, ɗanta zai sha wuya kafin ya sha nono.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya da nisan kwana. Wallahi ni kaina ban san uwar kilina ba, shekara shida yana turkena.

Hajiya Ummi: Ni tambayata ga Injiniya. Na ji ana cewa suna haɗa 'yan'uwa da 'yan'uwa. Ba ya kawo nakasa?

Injiniya Nura: Hajiya, suna yi amma da lissafi, ba wa da ƙanwa ba. Misalin da na fi so shi ne Masar, wanda ya ci Derby a 2018, karo na farko da shuɗiyar rigar Godolphin ta Sheikh Mohammed na Dubai ta ci wannan tsere. Ubansa New Approach ɗan Galileo ne, ka ga Urban Sea ta wajen uba. Uwarsa Khawlah kuma, in kin bi uwarta da uwar uwarta, sai ki faɗa kan Melikah, ita ma 'yar Urban Sea. Goɗiya ɗaya ta fito masa ta sama da ta ƙasa. Da gangan aka yi don a tara jininta. Amma tsoronki yana kan hanya, jinsin duka ya matse, yawancinsu ta wajen uba Darley Arabian suke komawa, ga sunan ingarma guda, Northern Dancer, a kusan kowace takarda. Likitocinsu na ta magana a kai.

Dakta Hadiza: Sosai. Mu ma nan a kula, ingarma ɗaya ne zai yi suna a unguwa kowa ya kai masa goɗiya, bayan shekara biyar a dawo masa da 'yarsa ba a sani ba, don ba mai rubutawa. Littafin makaranta na naira kaɗan ya isa: sunan goɗiya, wa ya baye ta, ranar, ranar haihuwa, launi, wa ya saya.

Baban Khalifa: Dakta, in kina da sarari ranar Asabar mu je tare. Injiniya kai ma ka zo da wayarka.

Baban Khalifa: Jama'a barkanmu da dare, ga bayanin Asabar da na yi alkawari. Mun je ni da Dakta da Injiniya, Auwalu ma ya biyo mu wai rakiya. Lambar wuya ta dace da fasfo, goɗiyar ita ce, ban zalunci dillali ba. Injiniya ya bi layin ƙasa a intanet: uwarta ta yi tsere ba ta ci ba, 'ya'yan uwar da aka samu bayaninsu ba wanda ya yi abin kirki, sai a uwar kaka aka ga baƙin rubutu guda ɗaya. Dakta ta yi sikanin, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma akwai ruwa a mahaifa da sai an yi magani kafin a gwada, ba tabbas. Na taya rabin kuɗi don tausayinta ma da na ji, mai ita ya ce albarka. Na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Maman Khalifa har tuwon shinkafa ta yi mini.

Auwalu Joki: Amma fa kyakkyawa ce, in faɗi gaskiya. Da na ga tafiyarta sai da na ji wani abu. Saura ɗan Sudan, Yaya.

Sadiq Bompai: Galileo ya tashi a tutar babu ke nan.

Injiniya Nura: Galileo bai yi laifi ba, shi ya ba da nasa rubu'in. Sauran ukun ne ba su taimaka ba.

Kawu Sale: Jikan ne. Kawu ya ce a tambayi Baban Khalifa, kilin nan nasa ba shi ne mai ɗan tabo a cinyar dama ba, wanda aka sayo a kasuwar Maigatari shekarar da aka yi ruwa mai yawa? In shi ne, ya ce yana wurin aka yi cinikin, kuma ya san uwarsa. Bidi ce, tana wani ƙauye arewa da Gumel, a gidan wani abokinsa. Ta haifi maza huɗu, biyu suna bargar wani hakimi, ɗaya ya yi sukuwa a Damagaram. Ta tsufa yanzu, amma akwai 'yarta mai shekara biyar da ta riga ta yi haihuwar fari lafiya, nono kamar saniya. Ya ce bai yi alkawarin za a sayar ba, mutumin ba ya son rabuwa da mata, sai dai in shi Kawu ya je da bakinsa.

Baban Khalifa: Shi ne wallahi, tabon na nan. Ikon Allah! Shekara shida ina tare da Kawu bai taɓa faɗa mini ba.

Kawu Sale: Ya ce ba ka taɓa tambaya ba.

Dakta Hadiza: In za a je a ɗauke ni, ina son ganin uwar da 'yar tare. Kuma in an daidaita, kar a yi gaggawar baye. A bari sai wajen Nuwamba ko Disamba, ta haihu bayan ɗaukewar ruwa, lokacin ƙwari sun ragu harawa ta yi araha.

Auwalu Joki: To ɗan Sudan ɗin fa? Ni da nake ta lissafin kofi.

Baban Khalifa: Ka yi haƙuri ƙanena, bana kili da akawal za su sake fita. Alhamis ce kasuwar Maigatari, sai mu haɗa tafiyar, mu tashi bayan asuba ta hanyar Gumel. Zan biyo ta Yakasai in ɗauki Kawu. Injiniya, ka taho da littafin nan da Dakta ta ce, da biro. Wa ke da mota mai ɗaukar mutum shida? Tawa ba ta son rairayi.